Tarbiyyar Kwano: Koya wa Yara Cin Abinci Ba Duka, Ba Ɗura

Idan aka ce tarbiyya, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancin iyaye shi ne gaisuwa, da ladabi, da zuwa sujada, da haddace ayoyi. Duk waɗannan suna da kyau ƙwarai. Amma akwai wata makaranta da yaro yake shiga sau uku ko huɗu kowace rana tun bai iya magana ba, wato gaban kwanon abinci. A nan yake fara gane ko gidansu wurin salama ne ko wurin tsoro. A nan yake koyon godiya ko raini, haƙuri ko haɗama, rabawa da ɗan'uwa ko wawaso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, halin da yaro ya ɗauka a gaban kwano kuwa yakan bi shi har gidan aurensa.

Halin da muke ciki

Binciken lafiyar jama'a da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Bayan haka kuma tsadar abinci ta ƙaru, har hauhawar farashinsa ta wuce kashi 40 cikin 100 a watan Yuni na 2024. Waɗannan yara ba a wata ƙasa suke ba. Wasunsu suna zaune a layin gaba a Makarantar Lahadi.

A ɗaya gefen kuma, a Jos da Kaduna da Yola da sauran biranenmu, akwai yaran da cikinsu ba ya rabuwa da biskit da alawa da lemon kwalba da taliyar leda, amma ba sa taɓa miyar ganye. Haƙoransu suna ruɓewa tun ba su yi famfara ba, wasu kuma suna tara ƙibar da kan share wa ciwon sukari da hawan jini hanya idan an girma.

Talauci yana da hannu babba a matsalar farko, wannan ba a musu. Amma sau da dama akan tarar da yaro mai tamowa a gidan da rumbu yake cike da dawa, kaji suna yawo a tsakar gida. Abin da aka dafa yana da muhimmanci, haka ma yadda aka ba yaro shi.

Ɗura tana da haɗari

Kusan kowa ya taɓa ganin yadda ake yi. A kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, da ya buɗe baki don ya sha iska sai kunu ya wuce. Uwar da ke yin haka ƙauna ce ta sa ta, tana tsoron kada ɗanta ya kwana da yunwa. Kakanninmu ma haka suka yi.

Sai dai hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabta ne a maƙogwaro. Yaron da yake kuka yana neman iska, ana zuba masa kunu, yana iya jan kunun zuwa huhunsa. Daga nan sai shaƙewa nan take, ko ciwon huhu bayan 'yan kwanaki, kuma an sha rasa yara ta wannan hanya. Ko da bai ƙware ba, akwai wata hasarar: ya koyi cewa abinci wahala ne. Gobe da ya hango kofi sai ya fara kuka, uwa ta ce ba ya ci sai da ɗura, a sake danne shi. Ɗurar jiya ce ta haifi ta yau.

Manzo Bulus, a cikin wasiƙarsa ga Afisawa sura 6, ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Mun saba ɗaukar wannan a kan zagi da duka. Ya kamata mu sa lokacin cin abinci ma a ciki.

Aikin iyaye dabam, aikin yaro dabam

Wata likitar yara a Amurka mai suna Clara Davis ta wallafa sakamakon wani bincike a 1939. Ta lura da yara 15 da aka yaye, ana jera musu abinci iri-iri sama da 30, duk masu gina jiki, babu alawa, babu kayan zaƙi na kanti, a bar kowa ya nuna abin da yake so. Wani ya ci da yawa yau, gobe ya ɗan taɓa kawai. Wani ya liƙe wa abu ɗaya na kwanaki, sa'an nan ya koma wani. Amma da aka duba bayan watanni, sun yi girma lafiya. Darasin shi ne, Allah ya sa wa yaro mai lafiya ma'aunin yunwa da ƙoshi a jikinsa. Sharaɗin kuwa shi ne, abin da aka ajiye a gabansa ya zama na kirki.

Daga baya, cikin shekarun 1980, wata masaniyar abinci, Ellyn Satter, ta tsara shawarar da likitocin yara da yawa suke bayarwa har yanzu. Iyaye su ne za su yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro kuma shi zai yanke ko zai ci, da yawan abin da zai ci daga abin da aka ba shi. Wannan bai zama sangarta ba. Uwa ba za ta sauke tukunyar tuwo ta ɗora ta taliya don yaro ya tura baki ba. Ba za ta kuma tsaya a kansa da bulala sai ya sude kwano ba. Ta zauna kusa da shi, ta lallashe shi, ta taimaka masa idan ƙarami ne. In ya kau da kai sau biyu sau uku, ta ɗauke kwanon ba faɗa, ta sake ba shi a lokacin ci na gaba.

Iyaye su kuma san wannan: jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau 3 a shekarar farko, amma a shekara ta biyu abin da yake ƙarawa bai cika wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Saboda haka cinsa yakan ragu. In yana wasa, yana barci lafiya, awonsa a katin asibiti yana hawa, babu dalilin tayar da hankali.

Ƙaramin ciki, ci sau da yawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa masa ba, sa'an nan a fara ba shi wani abinci ana ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 har shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ayaba, gwanda, ƙosai ko dafaffen dankali. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Cikin ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofi guda a zama ɗaya. In aka cika shi da tsararon koko, ruwa kawai ya sha. Kunun yaro ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali, a kuma ƙara masa abin gina jiki: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin waken soya, garin busasshen kifi, ƙwai, ko ɗan manja. Garin nan da ake kira Tom Brown, awon da aka saba koya wa mata shi ne mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a haɗa a niƙa. Gwaten acca da ake yi a Filato da Kudancin Kaduna, mai yakuwa ko alayyafo da wake, abinci ne mai kyau ga yaro in an rage barkono. Haka alala, da awara, da faten kabewa, da kwaɗon zogale.

Shayi kuwa ba abincin ƙananan yara ba ne. Ganyen shayi yana hana jiki jan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga abinci, alhali lemo da gwaiba da tumatir suna taimaka wa jiki ya ja shi.

Yaye, babban kwano, da rabon nama

Sunan nan kwashiyoko da muke ji a asibiti ya fito ne daga harshen Ga na ƙasar Gana. Likita Cicely Williams ce ta shigar da shi rubutun likitoci a 1935, ma'anarsa kuwa ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa ya zo. Mutanen Gana sun riga likitoci gane cewa lokacin yaye lokaci ne mai haɗari. A wurinmu akan shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a kai yaro gidan kaka a rana ɗaya. Ya rasa nono, ya rasa uwa, sai ya ƙi abinci don baƙin ciki. Yaye a hankali ya fi: a riƙa rage shayarwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, bayan yaron ya riga ya saba da abincin gida.

Cin abinci a kwano ɗaya al'ada ce mai kyau, tana koya wa yara zumunci. Amma ɗan shekara 2 ba zai iya tsere da ɗan shekara 9 ba. Kafin ya kai loma uku baki, kwano ya koma wanki. A ba ƙaramin nasa kwanon, domin uwa ta ga abin da ya ci da idonta. Idan ya yi wayo sai ya shiga cikin yayyensa.

Sai maganar da ta shafi iyaye maza. A gidaje da yawa, tsokar nama da kifi suna tafiya kwanon maigida, yara su sami romo da ƙashi. Har yanzu kuma akwai masu cewa in aka ba yaro ƙwai zai koyi sata, in aka saba masa da nama zai yi kwaɗayi. Babu gaskiya a cikin wannan. Ƙwai ɗaya ne daga cikin abinci mafi gina jikin yaro, kuma a ƙauye yana cikin mafi sauƙin samu. Maigida ya gama girma, ɗansa ne yake gina ƙashi da ƙwaƙwalwa. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, su ne lokacin da tsumburewa ta fi kama yaro, kuma da wuya a gyara ta daga baya. A cikin Matiyu sura 7, Ubangiji Yesu ya kafa misali da uban da ba zai miƙa wa ɗansa dutse ba in ya roƙi gurasa. Uban da ya rage naman kwanonsa ya sa a na autansa bai rage girmansa ba ko kaɗan.

Idan yaro ya ce ba ya so

Daga wajen shekara 2 zuwa 5 yawancin yara sukan yi ƙyamar sabon abinci, musamman ganye mai ɗan ɗaci ko miya mai yauƙi. Binciken da Leann Birch da abokan aikinta suka yi tun shekarun 1980 ya nuna cewa yaro yakan karɓi sabon abinci ne bayan ya ɗanɗana shi sau da yawa, wani lokaci sau 10 ko fiye. Iyaye kuwa sukan gwada sau biyu su yanke hukunci cewa wane ba ya shan miyar kuka. Daga ranar an rufe ƙofa.

Abin yi shi ne a riƙa sa ɗan kaɗan a gefen abin da ya saba ci, ba tilas, ba dogon wa'azi. Ya ga Baba da Mama suna ci da marmari, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A sa shi tsinke zogale, ko ɓare wake, ko a ba shi ɗan fili a bayan ɗaki ya shuka alayyafo da kuɓewa. Yaro yakan so ɗanɗana abin da hannunsa ya taɓa. A kuma kashe talabijin, a ajiye waya. Yaron da ake zura wa loma idonsa yana kan waya bai san abin da ya ci ba, bai kuma ji lokacin da ya ƙoshi ba.

Kada abinci ya zama bulala ko cin hanci

"In ba ka yi shiru ba, yau ba tuwo." "In ka cinye miyar nan zan saya maka alawa." Duka biyun muna faɗa, duka biyun kuma suna da illa. Yaron da ake hora da yunwa yakan koyi ɓoye abinci, da ci da sauri, da ɗauka a tukunya in ba kowa. Sai mu ce ya zama ɓarawo, alhali tsoro ne muka shuka masa. Wanda ake saye da alawa kuma yakan gane cewa miya ita ce wahala, alawa ita ce lada, sai ƙin miyar ya ƙaru.

Farawa sura 25 ta ba mu labarin Isuwa, wanda ya dawo daga jeji a gajiye, ƙanensa Yakubu ya mai da yunwarsa abin ciniki, har ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwano guda. Gidan da abinci ya zama abin ciniki ba ya rasa rigima. Horo yana da hanyoyi da yawa, a bar kwano a waje.

Malaman Makarantar Lahadi ma su duba wannan. In kullum ladan haddace aya alawa ce da biskit, me muke koyarwa? Fensir, ko littafin rubutu, ko yabo a gaban ikilisiya sun fi daɗewa. In za a raba abin ci, a raba wa kowa, har da wanda bai iya ayar ba, mai yiwuwa shi ne bai karya kumallo ba.

Zaƙi da lemon kwalba

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana iya ɗauke da ƙaramin cokali 8 zuwa 9 na sukari. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Nijeriya.

Ba a ce a haramta wa yara zaƙi ɗungum ba, gama abin da aka kulle a akwati shi ne ya fi jan ido. Lemon kwalba da cincin su zama na Kirsimeti da Ista da ranar biki, a sha tare a fili ba ɓoye-ɓoye. Na yau da kullum kuwa ruwa ne, da kindirmo, da zoɓo ko kunun zaƙi mai ɗan sukari kaɗan. Mangwaro, gwanda, goruba, ɗinya, magarya da rake duk suna kashe kwaɗayin zaƙi. A kuma lura da lokaci: yaron da ya sha lemo da biskit da ƙarfe biyar ba zai ci tuwon dare ba.

Mu kula da bakinmu

"Dubi wannan kamar tsinken tsire." "Kai rumbu, ba ka ƙoshi ne?" Manya sukan faɗi haka da wasa, yara kuwa suna ajiyewa a zuciya, musamman 'yan mata masu tasowa. Wata ta shiga ƙin abinci don kada a ce ta yi ƙiba. Wata ta nufi kemis ta sayi ƙwayoyin ƙara jiki irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke tara ruwa a jiki, su jawo hawan jini da ciwon sukari. Haka ma maganin sa cin abinci da iyaye suke saya wa ƙananan yara ba da izinin likita ba, a daina. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa jikin mai bi haikali ne. Mu koya wa yara cewa ana ci ne don a sami lafiya da ƙarfin aiki, kuma Allah bai yi kowa da jiki iri ɗaya ba.

Game da azumi kuma, ƙananan yara ba su kai a sa su ba. In ikilisiya ta sa ranar azumi da addu'a, a dafa wa yara abincinsu kamar kullum.

Lokacin ciwo

Duk abin da aka faɗa game da barin yaro ya ci gwargwadon cikinsa ya shafi yaro mai lafiya ne. Mara lafiya yana bukatar ƙarin lallashi. Kada a tsayar da nono ko abinci don yaro yana zawo. A ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, da abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako 2, ya mai da jikinsa. Abin lura ne cewa a Markus sura 5, da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, ya umarta a ba ta abinci.

A garzaya asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin ƙafafu biyu, ramewar da haƙarƙari ya fito, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya ƙi nono ko ruwa sam, ko awonsa ya tsaya cik wata biyu. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in ma'aunin damtse ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Tana da magani, ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. A yi addu'a, a kuma kama hanyar asibiti a ranar.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata tana taruwa kowane mako, tana iya keɓe rana ɗaya a wata a haɗa garin kunu tare, kowa ta kawo mudun da take da shi, a raba har da gwauraye da masu riƙon marayu. Ma'aikatan jinya da ke cikin ikilisiya su riƙa auna damtsen yara bayan sujada, su tuna wa iyaye lokacin karɓar bitamin A, wanda ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sau biyu a shekara. Ƙungiyar maza ta ɗauki maganar ƙwai da rabon nama, gama in maigida bai yarda ba, uwargida ba za ta iya ita kaɗai ba. Daga hatsin godiyar kaka a ware wani kaso domin gidajen da ke da ƙananan yara kuma abinci ya yanke musu. Masu koyar da shirin aure su sa ciyar da yara cikin darussansu.

A gida kuwa, a yi ƙoƙari iyali su zauna tare ko sau ɗaya a rana. A bar yara su riƙa karɓar addu'ar godiya bi da bi. A ajiye faɗa da tuhumar sakamakon jarrabawa sai an wanke hannu. Ko tuwon dawa ne da miyar kuka, in an ci shi da godiya da kwanciyar rai, yaro zai tashi ya san cewa abinci kyauta ce daga wurin Allah, ana karɓa da hannu biyu, ana ci daidai ciki, ana kuma tunawa da wanda bai samu ba.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa mana amana. Amin.